Yusef Lateef a Zariya: mabushin Amurka da ya zo neman ilimin sarewa

A shekarar 1981 wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka ya sauka a Samaru, ya kama aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunansa Yusef Lateef. A lokacin duk mai sauraron kiɗan jazz ya san shi: ya yi busa a ƙungiyar shahararren mabushin jazz Dizzy Gillespie a 1949, ya yi aiki da wani babban mabushin, Cannonball Adderley, daga 1962 zuwa 1964, kuma tun 1975 yake riƙe da digirin digirgir daga Jami'ar Massachusetts, inda ya kwatanta tsarin ilimin boko da na Musulunci. Mutum irin wannan ne ya kwashe shekara huɗu a Zariya, har 1985, yana bin diddigin sarewar Fulani, wadda mu muke jin ta a bakin makiyayi mu wuce ko waiwaye ba mu yi.

Abin da ya kawo shi shi ne abin da nake so mu tsaya a kai. Jazz kiɗa ne da ake ƙirƙirarsa nan take, a gaban jama'a, ba tare da an rubuta duk abin da za a busa ba. Mutane da yawa na ɗaukar wannan baiwa ce kawai, wanda Allah Ya ba Ya ba shi. Lateef bai ɗauke ta haka ba. A shekarar da ya zo Najeriya ya wallafa wani ƙaton kundi na jerin sautuka da salon tafiyar da su, wanda ya tattaro daga al'ummomi daban-daban, har yau kuma masu koyon busa suna bitarsa. A wurinsa ƙirƙira nan take ilimi ne da ake tarawa shekara da shekaru, don ranar da aka tsaya gaban taro a sami abin ɗebowa. Duk inda ya ji akwai wani sauti da bai mallaka ba, zuwa yake yi ya durƙusa, ko a hannun farfesa ne ko a hannun mai kiwon shanu.

Wannan tarbiyya daga Detroit ya samo ta. An haife shi a Chattanooga a 1920, amma a Detroit ya tashi, garin masana'antun mota inda matasan baƙaƙen fata ke koyon kiɗa a gidajen juna. Gidan Barry Harris, mai kaɗa piyano da ya yi aiki da Lateef, makaranta ce sosai duk da ba ta da allo a ƙofa. Bayan Harris ya koma New York ya ci gaba da ajin mako-mako da kowa ke shiga da ɗan kuɗi kaɗan, har kusan rasuwarsa a 2021. Shi ma Lateef, bayan ya yi digiri biyu a Makarantar Kiɗa ta Manhattan a 1969 da 1970, wata kwalejin al'umma ta birnin New York ya nufa ya koyar, inda 'ya'yan talakawa da ma'aikata ke karatu. Ya samu lambar yabo ta Grammy da ake ba makaɗa da mawaƙa a Amurka, an karrama shi da babbar lambar jazz ta Amurka a 2010, amma bai bar aji ba har tsufa ya cim masa. Ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93.

Mu ba baƙi ba ne ga waƙar nan take. Mamman Shata ya shahara da ita, ABU ɗin nan ma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Wannan karamci ne, kuma ya cancanta. Sai dai hula da alkyabbar digiri ba sa koya wa yaro komai. Tambayar da ke damuna ita ce, mai algaitar fada da mai kakaki da mai goge da mai kukuma, wa ke zaune gabansu yanzu yana ɗauka? A da gado ne ke riƙe da sana'ar, ɗa ya bi ubansa yana amshi ko riƙon ganga har hannunsa ya faɗa. Yanzu ɗan ya tafi boko ko kasuwa, a situdiyo kuma kwamfuta ce ke fitar da sautin kalangu. Jami'o'inmu sun rubuta kundaye masu yawa a kan makaɗa, aiki mai kyau, amma galibi makaɗin abin nazari ne a cikinsu, malamin kuwa wani ne daban.

Na san za a ce kiɗa sana'ar roƙo ce, ko a kawo maganar addini, kuma ba na raina wannan damuwa. Lateef ma ya yi fama da ita. Ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya tun yana saurayi, ya bar sunansa na yanka William, daga baya kuma ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya, alhali nan ne akasarin abincin mabusan jazz yake. Ya zaɓi zauren taro da aji. Wanda bai yarda da kiɗa ba yana da hujjarsa, amma wanda wurin da ake kiɗan ne ke damunsa, Lateef ya nuna masa ana iya sauya wuri a riƙe sana'a.

Abin da nake nema ba ya buƙatar biliyoyi. Hukumomin raya al'adu na jihohi da majalisun masarautu su ware zaure guda, su ɗauki tsofaffin makaɗa da mabusa a matsayin malamai da albashi, ba masu nishaɗin ranar hawa kawai ba, a buɗe ajin Asabar da Lahadi ga duk yaron da iyayensa suka amince. Sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo su turo ɗalibansu su naɗi darussan, su kuma koya da hannunsu. Littafin da Lateef ya rubuta tare da Ziky Kofoworola kan kiɗa da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987, ya kamata a sake buga shi, a fassara shi da Hausa, a fara ajin da shi.