"To Baba, ina bakwai ɗin suka tafi?"

Jiya da daddare 'yata ta aji uku ta kawo mini littafin lissafinta, fuska a murtuke. An ba su 7 × 0, ta rubuta 7, malama ta soke da jan biro ta rubuta 0 a gefe, ba wani bayani. Na ce mata ai malama ta yi daidai. Sai ta ce, "To Baba, ina da mangwaro bakwai, na ninka da sifili, ina bakwai ɗin suka tafi?"

Wallahi sai na yi shiru. Ni ma haddace shi na yi: komai sau sifili, sifili ne. Muka rera kamar waƙa, wanda ya kuskure ya sha bulala, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

A ganina laifin yana ga yadda muke koyarwa, da kuma kalmar "ninka" ita kanta. In ka ce wa yaro ya ninka abu, a ransa abin yana hannunsa, ƙaruwa zai yi. Ta yaya abin da ke hannu zai ɓace? Alhali muna da kalmar da ta fi dacewa, wato "sau". Sau nawa ka je kasuwa? Ban je ba ko sau ɗaya. Duk yaron da ke jin Hausa ya san wannan tun kafin a sa shi makaranta.

Da safe na aike ta wajen mai ƙosan bakin layinmu, na ce ta lura. Idan Iya tana zuba bakwai a kowace leda, leda uku nawa ke nan? Ashirin da ɗaya. Leda biyu, sha huɗu. Leda ɗaya, bakwai. To in ba ki karɓi ko leda ɗaya ba fa? Ta yi dariya ta ce, "Ai ba ni da komai, suna nan a kaskon Iya." Ashe bakwai ɗin ba su tafi ko'ina ba, ba a ɗauko su ba ne tun farko. Na juya mata shi: ga leda bakwai, kowace wayam. Nan ma ba ƙosai. Minti biyar bai cika ba.

Wani zai ce malami mai yara fiye da ɗari a aji ba shi da lokacin ƙosai. Na san halin da malaman firamare ke ciki, ban raina wahalarsu ba. Amma duwatsu da murafun kwalba ba kuɗi ake sayensu ba, kuma haddar nan tana da farashi a gaba. Yaron da bai gane sifili ba, shi ne in an ba shi 46 × 102 zai tsallake sifilin ya yi lissafi kamar 12 aka ba shi. Shi ne a sakandare zai ga (x − 2)(x − 3) = 0 ya rasa me ya sa dole ɗaya daga cikin biyun ya zama sifili.

Kuma sifili ba ƙaramin abu ba ne da za a hukunta yaro don ya rikice a kansa. Romawa sun gina daula ba su da alamarsa a lambobinsu. Masanin Indiya Brahmagupta ne ya rubuta ƙa'idojinsa a shekarar 628, kuma shi ma ya yi tuntuɓe, ya ce sifili a raba da sifili sifili ne, abin da masana ba su yarda da shi ba a yau. Daga Indiya lambobin suka isa Bagadaza, inda Al-Khawarizmi ya yi rubutu a kansu, Larabawa suka kira shi sifr, ma'ana wofi. Daga nan muka samo "sifili" ɗinmu.

Yau da ta dawo daga makaranta ta zo da sabuwa: in an raba ƙosai bakwai ga yara sifili, kowa zai samu nawa? Na ce ta nemo mini lambar da in an yi ta sau sifili za ta ba da bakwai. Har yanzu tana tsakar gida da murafun kwalbarta, ta ce in ba ta zuwa magariba.