Ranar da Bututu Ya Ja Ni Cikin Kankare

Duk wanda ya taɓa zuba jamin fulo, wato daɓen kankare na ƙasan gini, ya san tsarin: a kafa katako gefe da gefe, leburori su juye kankare, birkila ya durƙusa da dogon katakonsa yana ja yana gogawa har ƙugu ya ƙage. Sai na ga wani bidiyo na mutanen Amurka. Su dogon bututu suke ɗorawa a kan katakan, inji yana juya shi, mutum biyu suna ja da baya, kankare yana kwanciya sumul. Nan take na ce garejina ma haka za a yi masa.

Na je Ƙofar Ruwa na sayo bututun ƙarfe mai inci 4, mai walda ya toshe bakinsa, ya maƙala masa ɗan ƙarfen da zai shiga bakin injin huda katako. Da na sauke shi a ƙofar gida, Baba birkila ya zagaya shi yana shafa gemu.

"Alhaji, wannan na ruwa ne ko na hayaƙi?"

"Na daɓe ne, Baba. Yau ƙugunka zai huta."

"To, Allah ya sa."

Aka yi kwaɓi yadda aka saba, buhun siminti ɗaya, kwanon yashi huɗu, na tsakuwa takwas. Watan Afrilu ne kuwa, kuma a zafin Kano kankare ba ya jiran kowa ya gama shawara. Na riƙe injin, wani lebura ya riƙe igiya a ɗaya gefen, maƙwabta suka taru. Har da maƙwabcina mai farar shadda, da ya ce shi leƙowa kawai zai yi ya wuce ɗaurin aure.

Ashe sirrin abin shi ne bututun ya riƙa juyawa saɓanin yadda taya za ta juya, don ya turo rarar kankare gabansa. Mai bidiyon bai ga dama ya faɗi wannan ba. Ina latsa maɓalli bututu ya taso mana a guje. Lebura ya yar da igiya ya haye tulin yashi yana salati.

Na juya maɓallin. Wannan karon ya nufi bango, ni kuma na ƙi saki saboda idon jama'a. Ya ja ni, ƙafar dama ta lume har idon sawu, ta hagu ta bi ta, na yi durƙuson da ko gaban surukai ban taɓa yi ba. Yana gudu yana feshi. Farar shadda ta koma ruwan toka daga wuya har guiwa, mai ita ya tsaya baki buɗe, da tsakuwa ɗaya zaune a kan hularsa.

Ɗauke wutar da aka yi ce ta raba mu. A unguwarmu ban taɓa jin an yi hamdala don an ɗauke wuta ba sai ranar.

Baba bai ce uffan ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki katakonsa, ya bi kankaren da ya riga ya fara kamawa. Sai dai girgizar ta sassauta turakun katakon gefe ɗaya, ba wanda ya lura. Da muka fara ban ruwa na kwana 7, duk ruwan da aka zuba sai ya taru a tsakiya. Agwagin uwargida suka gano wurin kafin mota ta taɓa shiga.

Ranar biyan kuɗi Baba ya ƙara dubu biyu a kan cinikinmu.

"Baba, wannan fa?"

"Na ciro silifas ɗinka ne, Alhaji. Ƙafa ɗaya na samu, shi ya sa na yi maka ragi."