Tikitin ƙarfe bakwai

Shekara 34 na yi da alli a hannu, yawancinsu a makarantun Aboabo da Asawase, unguwannin Kumasi a Ghana, kuma ƙararrawar safe ba ta taɓa riga ni shiga aji ba. Yaron da ya makara, tsintar shara ce hukuncinsa, wani lokaci har da bulala biyu, Allah Ya yafe mana. To ga ni yau na yi ritaya, ina yawo da wani tikitin mota a aljihun riga, an rubuta ƙarfe bakwai na safe a kansa da jan biro. Duk sanda hannuna ya taɓa shi sai raina ya ɓaci.

Da hutun nan na ce bari in kai jikokina uku Salaga su ga dangi. Can ne tushenmu. Kakan mahaifina yana cikin fataken goro da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa, suka yi ta gangarowa kudu har zuriyarsu ta ƙare a zangon Kumasi. Yaran nan kuwa yaren Asante ya fi Hausa zama a bakinsu, gwaggwanninsu ma sai a waya suka san su. Da can dogon hutu sananne ne, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, kowa ya san ranar tafiya da ranar dawowa. Tun da aka raba 'yan sakandare kashi biyu a 2018, wasu na aji wasu na gida, sannan korona ta zo a 2020 ta hargitsa kalanda, sai ka ga ƙananan suna hutu babbar tana makaranta. Bana kwana tara kacal hutunsu ya haɗu. A cikin kwana taran nan na cusa tafiyar.

Zuwa lafiya lau: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, muka hau jirgin fito muka haye tafkin Volta zuwa Makango. Ƙaramin har yanzu labarin jirgin yake ba abokansa.

Dawowar ce ta zama bala'i. Babbar jikata tana aji biyu a sakandaren kwana, ranar Lahadi za ta koma. Na yi lissafi irin na malami: mu haye ranar Juma'a mu kwana a Yeji, mu kama motar Asabar da sassafe, da azahar muna Kumasi, da la'asar mu shiga kasuwar Kejetia mu yi mata sayayya. Tun daren Juma'a na yanki tikiti huɗu. Na tambayi ɗan kamasho, ƙarfe bakwai ɗin nan gaskiya ne? Ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ko mutum biyar ne za mu tashi."

Shida da rabi muna tasha. Motar kusan a cike, na ce alhamdu lillahi. Ashe rabin mutanen ciki 'yan zaman cika mota ne. Fasinja na gaske ya shigo, sai ka ga wani ya miƙe kamar zai je sayen koko, ba ka ƙara ganinsa. Direba ya tayar da inji, ya danna ham, ya matsa gaba taku uku, ya kashe. Sau nawa? Na daina ƙirgawa a na shida. Abin da suke jira ba mu ba ne, kwandunan bandar kifi ne da doya da za a ɗora a bisa, don kuɗin kaya ya fi namu tsoka. Ni ma ba a bar ni ba. Buhun garin rogo da ƙanwata ta haɗa wa yarinyar, da 'yar jarkar man kaɗe, sidi 30 kowanne, ba rasit. Na ce ai jiya ba a faɗa mini ba. "Baba, kuɗin kaya daban ne." Baba, Baba, Baba. Bakinsu da ladabi, hannunsu a aljihunka.

Sai ƙarfe biyu da wani abu muka bar Yeji. Tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Mota ta yi nauyi kamar jakin da aka zalunta, kowane rami sai ta yi nishi. Mun wuce Ejura da magariba, ruwa ya kece, kafin mu kai Mampong wani ƙarfe ya karye a ƙasa, muka tsaya cak. Ba tayar safaya mai kyau, ba tocila, ba tamfol da za a rufe kayan bisa. Direba ya tari wata motar ya ce zai je neman makanike, ya bar mana yaron mota da bai fi sa'ar jikata ba. Nan muka kwana, sauro na rabon mu, ƙaramin yana kuka a cinyata, ruwan kifi yana ɗiga ta tagar da ba ta rufuwa. Da gari ya waye na sa aka sauko da buhun. Garin ya jiƙe ya kumbura ya dunƙule, yana warin kifi. Yarinyar ta dube shi ta ce, "Kaka, bar shi kawai," ta juya fuska don kada in ga hawayenta.

Mun shigo Kumasi Lahadi da rana, yawancin shagunan Kejetia a rufe. Litinin na shiga kasuwa da kuɗin fansho, 'yan kasuwa kuma sun san makon komawa makaranta ne, ba ka da mafita. Sikari, madara, sabulu, yajin shito, bokiti, tsintsiya, sabon kwaɗo na akwatin guzuri, ga garin da na sake saya da tsada. Ban raina karatun sakandare kyauta da aka fara a 2017 ba, na ga yaran da kuɗin makaranta ya kora daga aji da idona. Amma akwati ba ya cika kansa.

A ƙofar makaranta malamar ɗakin kwana ta duba littafinta ta ce yarinyar ta makara da kwana ɗaya, a ba ta adda ta sare ciyawar bayan ɗakin cin abinci. Na ciro tikitin na nuna mata. Ko karɓa ba ta yi ba. "Baba, kowa da labarin da yake zuwa da shi." Na buɗe baki na rufe, domin kalmomin nan nawa ne, na faɗa wa iyaye su ya fi sau ɗari.

Akwai lambar waya a ƙasan tikitin. Kwana uku ina kira ba a ɗauka. Rana ta huɗu wani ya ɗauka, na zayyana masa komai tun daga ƙarfe bakwai har zuwa addar, na ce ko kuɗin kayan da suka lalata su mayar mini. Ya saurare ni har ƙarshe, ina jin ana kiran fasinjan Kumasi a bayansa, sannan ya ce, "Baba, ai kun isa gida da ranku, ko? To ku gode wa Allah." Ya kashe.