Ku Daina Zuba Kod a Fayil ɗin da Na'ura Ta Rubuta!

Wallahi abin ya ishe ni. Kusan duk manhajar da aka miƙo mini in gyara, ciwo ɗaya nake tararwa. Mutum ya zana tagar manhajarsa a Qt Designer, wato manhajar zana fuskar manhaja, ya jera maɓallai da akwatunan rubutu, ya sa pyuic5, ɗan shirin da ke juya zane zuwa kod, ya mayar da fayil ɗin zanen, wato .ui, zuwa yaren kod na Python, sai kuma ya tare a cikin wannan sabon fayil ɗin. Launin maɓalli a ciki, abin da zai faru in an latsa a ciki, har haɗi da rumbun bayanai duk a ciki.

Alhali a layukan farko an rubuta gargaɗi ƙarara: duk abin da ka sauya da hannu zai ɓace da zarar an sake gudanar da pyuic5. Ba ɓoyewa aka yi ba! A Windows Forms ma, tsarin zana taga na Microsoft, akwai irin wannan gargaɗi a kan InitializeComponent, wato sashen kod da na'ura ke rubutawa. NetBeans kuwa, wata manhajar rubuta kod, bai tsaya roƙo ba, kulle wurin yake yi, kuma ban ga laifinsa ba.

To, mai aiki ya ce a ƙara masa maɓalli ɗaya tak. Ka buɗe .ui ɗin, ka tarar an yi watsi da shi tuntuni, bai san rabin abin da ke kan allo ba. In ka sake fitar da fayil, aikin watanni ya bi ruwa. In ka ƙi, sai ka yi ta lalube tsakanin pushButton_7 da label_23, don ko suna mai ma'ana ba a iya sa musu ba. Wani ma ya shafa setStyleSheet, umarnin sa launi da kwalliya, a kan uwar taga ba tare da ya ambaci wanda yake nufi ba, launin ya malale kan duk abin da ke cikinta, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa.

Masu koyarwa a bidiyo ne suka fi ba ni haushi, don su ke yaɗa wannan ɗabi'a saboda ta fi saurin nunawa. Me zai rage su da shi in sun ce: buɗe fayil naka daban, rubuta kilas (wato samfurin kod) da ya gaji QMainWindow, kilas ɗin uwar taga, kira setupUi da ke shimfiɗa zanen a kan tagar, duk kwalliyarka ka yi ta bayan wannan layin? Ko ka ɗora .ui ɗin kai tsaye da umarnin loadUi. In maɓalli na musamman kake so, Designer ɗin kansa yana ba ka damar sa kilas ɗinka a madadin nasa.

Daga yanzu, duk wanda ya kawo mini irin wannan aiki, kuɗin tsince kod daban ne, na gyara daban.