Macijin da ya shigo gida bayan ambaliya ba turo shi aka yi ba

Duk damina, musamman idan ruwa ya yi ɓarna, sai a ji mutane suna cewa macijin da aka gani a ɗaki turo shi aka yi, ko kuma ya biyo wanda ya taɓa kashe ɗan'uwansa. Ban ga laifin mai wannan tunani ba, domin wanda ruwa ya rusa masa katanga, sannan ya tarar da kububuwa a ƙarƙashin tabarmarsa, dole zuciyarsa ta nemi dalili. Abin da ke damuna shi ne, wannan fahimta tana sa a tafi neman maƙiyi a bar ainihin matsalar a tsakar gida.

Maciji yana fakewa ne a ramuka da ƙarƙashin duwatsu da tarin itace, kuma idan ruwa ya cika su sai ya nemi busasshen wuri mafi kusa, wanda galibi ɗakin mutum ne. Ɓeraye ma can suke gudu, shi kuwa abincinsa ke nan. A ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, har macizan gidan namun daji ruwa ya kwasa zuwa cikin unguwanni.

A ɗauki gidan da aka jingina buhunan gero a ƙasa kusa da makwanci. Hatsin zai jawo ɓera, ɓera kuma ya jawo maciji. Idan aka ɗora buhunan a kan katako, aka toshe ramuka, aka nisanta itacen girki daga ɗaki, an rage haɗarin sosai. Wanda aka sara kuwa a gaggauta kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi, kamar na Kaltungo a jihar Gombe, ba tare da an tsaga wurin ba.