Rigar da ta zama addini a jikin ɗiyata

Ranar Talata ɗiyata ta dawo gida tun ƙarfe tara ba ta yi ba, idonta jajir. A ƙofar makaranta aka tare ta, aka ce ta koma ta sake kaya. Ba abaya ta sa ba. Doguwar riga ce ruwan ƙasa mai faɗin hannu, wadda muka saya tare a wani kantin tufafi na kowa da kowa a tsakiyar Lyon. Kanta kuma a buɗe yake, don tun a tashar jirgin ƙasan cikin gari take cire ɗankwali ta cusa a jaka, kamar yadda dokar 2004 ta tilasta wa duk yarinyar da ke makarantar gwamnati.

Ku da ke gida Nijar ba ku san ƙofar lise, wato babbar makarantar sakandare, ta Faransa ba. Ƙyauren ƙarfe ne dogo, a samansa tuta mai shuɗi da fari da ja, ƙarƙashinta an rubuta kalmomi uku: 'yanci, daidaito, 'yan'uwantaka. Masu sa ido suna tsaye cikin sanyin safiya suna duba littafin kowane ɗalibi kafin ya wuce. A zaure an liƙa wata takarda mai sassa 15 da aka rarraba wa makarantu tun 2013, tana bayanin yadda aka raba addini da gwamnati. A wannan ƙofar ne wata farar yarinya ta wuce gaban ɗiyata da riga har idon sawu, ba wanda ya ɗaga kai. Ita ce aka ja gefe.

Mun san dokar, kuma muna bin ta. A ƙarshen watan Agusta na 2023 Gabriel Attal, ministan ilimi na lokacin, ya hana abaya a makarantun gwamnati. Ranar komawa makaranta 'yan mata 298 suka zo da ita, 67 suka ƙi cirewa aka mai da su gida, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati kuma ta ce hanin ya yi daidai. To amma abaya ba ta da tambari. Yadi ne da ɗinki. In ana so a bambanta ta da doguwar rigar gayu, dole a bar kallon rigar a kalli wadda ta sa ta: fatarta, sunanta, unguwar da ta fito. Abin da ya faru ke nan ranar Talata.

Shugabar makarantar ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni kujera, ta ce: "Madam, a nan ba ma ganin launi, ba ma ganin addini, ɗalibai kawai muke gani." Gaskiya ne ƙidayar jama'a a ƙasar nan ba ta tambayar launin fata ko addini. Sai dai wanda ya rantse ba ya gani, ta ina za ka kama shi in ya gani? Cikin ranakun hutu 11 na ƙasa, 6 na Kirista ne. A yankin Alzas da Mozel har yau gwamnati ke biyan albashin fada-fada da limaman Yahudawa, don dokar 1905, wadda ta raba addini da gwamnati, ba ta aiki a can. Duk wannan sunansa al'ada. Hannun rigar yarinya 'yar shekara sha shida ne barazana ga jamhuriya.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. A asibitin nan aka haifi yarana ba a tambaye ni ko sisi ba, kuma tsohuwar da ke hawan da ke ƙarƙashinmu, Bafaranshiya ce tsantsa, ita ta riƙe min su lokacin da nake aikin dare. Na kuma san me za a jefo min: Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai. An yi, abin kunya ne, ba na kare shi. Amma haukar kwana biyu ce, ba doka ba. Nijar mai Kiristoci 'yan tsiraru tana hutun Kirsimeti, kuma ban taɓa jin an kori wata daga lakwal don ta rataya gicciye ba. A gida baƙo yakan zauna shekara goma ya zama ɗan gari, a ba shi mata, a kira shi da sunan unguwa. A nan an haife ka, kana da fasfo, ka haddace waƙoƙinsu, ana tambayarka asalinka daga ina.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da daddare, da na ce mata ta yi haƙuri, ai tana da ƙasarta. Da Faransanci ta amsa min: "Mama, wace?" Na rasa ta cewa. Zuwanmu na ƙarshe 'ya'yan yayata "'yar Faransa" suke kiranta, suna dariyar yadda take gaishe da kakarta, ita kuwa ta shige ɗaki da waya. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 jirgin Air France ya daina sauka Yamai, sai an zagaya ta Kasablanka ko Istanbul, kuɗin tikiti ya hau, ziyara ta yi wuya. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ni kuwa ga ɗiyar cikina ba ta iya haɗa zance biyar da shi ba tare da ta tsallaka Faransanci ba. Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu muka bari, su ake bi bashin.

Na rubuta wa hukumar ilimi ta yanki ƙorafi, kuma zan bi shi har inda ya tsaya. Amma hutun bana Damagaram za ta, wajen gwaggonta a Birni, wata biyu cur, ba tare da ni ba. Babanta yana ta lissafin tikiti yana cewa a bari sai baɗi. Na gaya masa ko bashi ne zan ci, da ƙannenta biyu za ta tafi.