Fankar Maman Hauwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 har ruwan randa ya koma kamar shayi, aka ɗauke mana wuta kwana uku a Mabera. Muna da batirin sola mai bolt 12 da ke kunna mana ƙwai biyu. Maman Hauwa kuma tana da wata 'yar fanka ta USB mai cin bolt 5, tsarabar ƙanwarta daga Umara. Ni kuwa na kalli bidiyo uku a YouTube, don haka a ganina na gama zama injiniya.

Na fara da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, 7805, mai rage wuta zuwa bolt 5, wanda na ciro daga tsohuwar rediyo. Na liƙa shi da dalma, fanka ta tashi, na shiga zagaya tsakar gida ina gyaran murya. Ba a jima ba ta tsaya cak. Na kai yatsa in ji ko lafiya, sai ga ni ina rawar da ban yi niyya ba. Ashe shi wannan abu ba ya son asara: bolt 7 ɗin da suka yi rara zafi yake mayar da su, in ya gasu kuma ya kashe kansa. Wato a garin da ake neman iska, ni murhu na haɗa.

Washegari na tafi kasuwa na sayo ɗan allon LM2596, shi ma mai rage bolt. Shi wannan dabararsa daban ce. Kunna wutar yake yana kashewa sau 150,000 a daƙiƙa ɗaya, wata naɗaɗɗiyar waya da kafasito, ɗan ma'ajin wuta, su daidaita ta, shi ya sa ba ya zafi sosai. A jikinsa akwai ɗan shuɗin akwati mai ƙaramin noti, da shi ake saita bolt ɗin da ake so.

Yaron shagon ya ce, "Alhaji, kuna da mita? Wanga abu sai an auna shi kahin a haɗa."

Na ce, "Yaro, tun ba a haihe ka ba nike haɗa waya."

A gida na murɗa notin sau uku, na ƙara rabi don ihtiyaɗi, na ce ai ya isa. Abin da ban sani ba, notin nan yana juyawa kusan sau 25 daga farko zuwa ƙarshe, kuma sabo yakan zo a buɗe, duk abin da ya shiga kusan shi ke fita. Ga rana tsaka, batiri ya ƙoshi.

Jama'a, fankar nan ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta. Ta hure takardun makarantar Hauwa, ta fara tafiya a kan tebur da kanta kamar mai shirin komawa Saudiyya. Ni har na fara cewa a kira maƙwabta su gani. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta.

Daga madafa aka ce, "Baban Hauwa, mi ka ƙauri haka?"

Na ce ƙila maƙwabta ke ƙona shara.

Na koma shago na sayi mita. Yaron bai ce uffan ba, sai dai yadda ya ƙirga mini canji a hankali ya fi zagi ciwo. Da na auna, 12.9 na gani. Na yi ta murɗa notin baya, sai da na wuce goma kafin lambar ta motsa, har ta sauka 5.0 daidai, ba ƙari ba ragi. Wuta tsaf, sai dai babu abin da za a sa mata.

Daren nan a tsakar gida muka kwana, ni ne riƙe da mafici. Duk sanda hannuna ya fara sanyi, sai in ji daga kan tabarma, ido a rufe: "Injiniya, ƙara bolt."